Wata huɗu a kwance da adakar littattafan Baba: wa ya san littafin da Sakkwato ke ciki?

Telan Tsohuwar Kasuwa:

Assalamu alaikum jama'a. A yi haƙuri da tsawon rubutun nan, mai karaya ba shi da sana'a sai surutu.

Ni tela ne. Saura kwana goma sha biyu a kama azumi muka faɗi da ɗan kabu-kabu a hanyar Mabera, ƙafata ta dama ta karye ƙasa da gwiwa, ita ce kuma wadda nake taka keke da ita. Duk wanda ya san ɗinki ya san ma'anar tela ya kwanta ana shirin azumi. Yadukan Sallah da na riga na karɓa sai da na sa yaran shago suka rarraba wa maƙwabta. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare ya ce in na kuskura na taka, ba ruwansa. Aka shimfiɗa mini katifa a zaure, don ɗaki ba ya shiguwa da rana, zafin bana kowa ya sha nasa.

Satin farko waya na yi ta latsawa har idona ya fara ruwa, ga caji kullum sai an kai bakin titi. Sai Inna ta sa aka jawo adakar Baba daga ƙarƙashin gadonta. Baba, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, ya koyar a Boɗinga da Kware. Adakar ƙarfe ce shuɗiya, kwaɗon ya yi tsatsa sai da aka sa guduma. Da aka buɗe warin kafur da tsohuwar takarda ya cika zauren. Littattafai talatin da 'yan kai, gara ta ci gindin wasu. A cikin wata huɗu na karanta goma sha tara, har da waɗanda aka kawo mini daga waje. Bari in faɗi yadda na gan su, tambayata tana ƙarshe.

Da Magana Jari Ce na fara don shi ne a sama. Mun yi shi a makaranta, amma karatun jarrabawa, irin wanda za ka haddace sunan sarki ka manta labarin. Da na bi shi a natse sai na ga ba labaran kansu ne gwanintar Abubakar Imam ba, da yawansu aro ya yi daga littattafan Larabawa da na Turawa ya sa musu riga da hula. Gwanintar tana wurin akun nan. Kullum Musa ɗan sarki ya ɗaura ɗamarar fita, sai tsuntsu ya jefo masa labari, kafin a kai ƙarshe gari ya waye. Ni ma haka littafin ya yi ta yi mini duk sanda zuciya ta raya mini in gwada taka ƙafar. Na farko ya fi daɗi. Na uku, inda aku ke koyar da ɗansa Fasih, nasiha ta ɗan yi mini yawa. Na biyu kuwa babu shi a adakar. Baba ya rubuta a cikin bangon na farko cewa wane ya ara bai mayar ba, da sunansa da unguwarsu. Ba zan faɗa ba, jikokinsa na kawo mini ɗinki.

Ruwan Bagaja ya sa ni dariya har ƙafar ta amsa, musamman duk inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka haɗu kowa na neman ramuwa. Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam ɗin, farkonsa ya riƙe ni, wurin yaƙin Turawa. Da ya bar ƙasar nan ya shiga cikin aljannu yana ta cika baki sai na rufe. In ina son cika baki akwai shi kyauta a majalisar ƙofar shagona.

Wanda ya hana ni cin tuwon dare shi ne Shaihu Umar. Ɗan siriri ne, da la'asar ɗaya na gama. Shi da Ruwan Bagaja da Ganɗoki duk daga gasar rubuta littattafai ta 1933 suka fito, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta ya rubuta nasa, tun siyasa ba ta san da shi ba. Amma ina da ƙorafi a kansa. Shi Umar ɗin sanyinsa ya yi yawa, kamar ruwan randa. An sace shi yana yaro, an kai shi wata duniya, yana ba da labarin kamar da wani abin ya faru. Mutum na gaske a littafin uwar ce, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bauta, har Tarabulus. Na karanta wa Inna wannan wurin da ƙarfi bayan isha'i. Ba ta ce komai ba, sai ta tashi ta ce za ta duba ko an rufe kaji, alhali tun magariba aka rufe su.

Daga nan na faɗa na tarihi, nan ne kuma na fi daɗewa. Akwai Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, da wata gajeriyar fassarar Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812. Ni da na tashi cikin garin nan, Hubbare ba ya da nisa da gidanmu, ashe sunaye kawai na sani. Na san an yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, na san Tabkin Kwatto, na san an ci Alƙalawa a 1808. Ban san wahalar da ke tsakani ba, yunwa da ciwo da kashin da aka sha a Tsuntsuwa inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa. A wa'azi nasarar ake faɗa mana a wuce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Bello ya kawo wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Laminu na Borno, har da inda mutumin ke ƙalubalantar su cewa saɓo ba kafirci ba ne, da wace hujja za a yaƙi Musulmi. Bello ya ba da amsa, amma bai ɓoye tambayar ba. Yau wa zai buga littafi ya sa hujjar abokin gabarsa a ciki yadda take?

Limamin masallacin unguwarmu da ya zo duba ni ya gan ni da shi, sai ya ce ai ban ga komai ba. Washegari ya zo da Tazyinul Waraƙat na Abdullahin Gwandu. Ni ba na jin Larabci sai na salla, don haka kwana shida yana zuwa bayan la'asar, ya karanta baiti ya fassara. A ciki ne Malam Abdullahi ya faɗi da bakinsa yadda ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa ya duba ya ga jama'a sun fara karkata ga dawaki da tufafi da neman sarauta, ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo. Ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ke nan, ana tsakiyar jihadi. Wallahi duk littattafan ƙagaggun labarai da na karanta babu wurin da ya kama ni kamar wannan.

Rayuwata na Sardauna kuwa na gama shi ne don girman mai shi. Yarintarsa a Rabah da zamansa a kwalejin Katsina sun yi daɗi. Amma duk inda kake so ya tsaya ya buɗe cikinsa, misali 1938 da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku shi aka ba shi Sardauna, sai ka ji kamar jawabin rediyo kake saurare.

Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtuwa ta 1975, wannan kam in ba a gaya maka ba ba za ka ce daga Ingila labarin ya taso ba. Dokin nan Akawal da ke ta ƙara ƙwazo har ƙarfinsa ya ƙare aka sayar da shi, na san mutum uku irinsa a layinmu, ɗaya ma ƙanen Baba ne.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'a ya kawo mini na Turanci guda uku. Turancina na sakandare ne, da ƙamus a gefe nake bi. Things Fall Apart na gama, ba abin da zan ƙara a kan abin da aka riga aka faɗa, sai dai ban yafe wa Okonkwo kisan yaron nan Ikemefuna ba. Rich Dad Poor Dad kuwa yaron ya ce zai canza mini tunani. Na kai rabi na ga dabarun sun fi karkata ga sayen gidaje da bashin banki a Amurka. Ni da ko keken ɗinki na biyu da adashi na saya. Abin da ya rage na hikima a ciki, wato ka sa kuɗinka inda za su haihu, kowane ɗan albasa da ke zuba kaya a rudu lokacin araha ya jira tsada ya san shi, bai kuma biya kuɗin littafi ba.

Na ukun shi ne ya jawo tambayata. Born on a Tuesday na Elnathan John. Da yaron ya ce mini a Sakkwato labarin ya faru sai na ajiye komai na ɗauka. Labarin almajiri ne, Ɗantala, da ya gudo bayan rikicin zaɓe ya samu mafaka a wani masallaci wurin wani Shehi. Ba zan ce bai iya rubutu ba, ya iya, akwai daren da na kai ƙarfe biyu da tocila. Amma ni dai ban ji garinmu a ciki ba. Da za a goge sunan Sakkwato a sa na wani gari, ba na jin zan lura.

Na gwada biyu daga cikin na soyayya da maiɗakina ke karantawa, na ajiye. Kowa a ciki ɗan Alhaji ne mai mota, kowa kuma Kananci yake yi.

To ga tambayar. Na tarihi akwai Sakkwato a ciki, amma ta sarakuna da malamai da mayaƙa. Na labari akwai talakawa a ciki, amma ba namu ba. In ma Basakkwace ya fito a fim ko a littafi, don a yi dariyar maganarsa aka sako shi. Shin akwai littafi, na labari ko na gaskiya, da zan buɗe in ga baduku yana aikin jar fata, ko mai lambu a bakin gulbin Rima, ko tela irina, yana magana yadda muke yi ba don a yi masa dariya ba? Saura mini aƙalla sati uku a kwance, adakar kuma ta kusa ƙarewa, abin da ya rage littattafan lissafi ne na aji biyar.

Malama Uwar Biyu, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya sa kaffara ne. Na ji daɗin rubutunka har na karanta wa malaman ɗakinmu, amma akwai inda zan ja kunnenka.

Littafi biyu ka buɗe cikin dubbai ka yanke wa duka hukunci. Kai da ka yi kwana shida ana fassara maka baitocin Larabci, haƙurin naka bai kai ga na matarka ba? Nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Eh, Kano ce, ba Sakkwato ba. Amma talakan da kake nema yana ciki. Rabi ce da 'ya'ya tara, miji ɗan kasuwa ya auro wata ya kore ta, ta koma sayar da abinci tana riƙe yara. Lissafin cefane da kuɗin makaranta da rigimar dangi duk suna nan, ba mota ba fure. Har Indiya an buga fassararsa da Turanci a 2012. In ka gama shi ka ce mini ɗan Alhaji mai mota ka gani, na yarda na faɗi.

Na biyu, Baba of Karo. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa, aka buga a 1954. Tsohuwar ta ga zamanin harin bayi, ta ga zuwan Turawa, amma ba sarakuna take ba da labari ba. Aurarrakinta take faɗa, da ƙawaye, da yadda ake kunyar ɗan fari, da wanda ya yi wa wane goyo. Irin littafin da kake nema ke nan sak, illa dai ba a yi wa wata tsohuwar Sakkwato irinsa ba, ko an yi ni ban gani ba.

Kuma ka yi mini laifi da ka lissafa Bello da Abdullahi ka tsallake Nana Asma'u, ga ta kwance a Hubbaren da ka ce kusa da gidanku yake. Ba manya kaɗai ta yi wa marsiyya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yabe ta da kirki da zumunci da zaman lafiya da mutane, mace ce ba mai sarauta ba. Jajojin da take naɗawa da malafa su tafi ƙauyuka su koyar da mata 'yan taru, su ma matan karkara ne. Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a garin nan, ta rubuta tarihinta a 1989, daga baya ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997. Ina da na farkon. In maiɗakinka za ta iya zuwa ta karɓa, amma da sharaɗi: kada sunanka ya shiga bangon wani littafi kamar mutumin Babanku.

Tsohon Gidan Igwai:

Ɗana, sannu da jiki, Allah shi ƙara sauƙi. Jikana yak karanta man abin da kar rubuta. Ni ka hwaɗi shi ka rubutawa, na ko ce mai kada shi gyara man magana, tunda kai kac ce ana muna dariya.

Abin ga da kaka nema ba ya cikin takarda. Mutanenmu na da, in sunka ɗauki alƙalami, addini da sarauta suka rubutawa. Talakka waƙa anka yi mai. In kana son ka ji manomi da ɗan dambe suna numhwashi, nemi Ɗan Anace, ka ji yadda shika kiran Shago. In Hausa kaka so wadda ba a taɓa da ruwa ba, ga Narambaɗa can shina yi ma Sarkin Gobir na Isa. Har ɓarayi sun samu mai yi musu, Gambu, kahin shi tuba. Wa yab bar maka ɓarawon ƙauye cikin littahi? Kwanta ka rufe ido ka sa yaro shi kunna maka, ka ga in ba ka ga kasuwa da hilin dambe ba.

Amma kana da gaskiya wuri guda. Kakana shina yaro anka yi Giginya, 1903, ranar da Nasara sunka shigo. Littahi zai gaya maka Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har Burmi inda anka kashe shi. Ba shi gaya maka abin da mutanen gari sunka yi ranan nan. Kakana ya ce uwatai ta gina rame cikin ɗaki ta binne tukunyar gero da 'yan wuri, ta ɗauke su sunka yi daji, kwana ukku suna cin ɗanyen abu. Da sunka komo gero na nan, akuya ta babu. Har yam mutu in ya tuna Nasara akuyar nan shika hwara ambata, ba sarauta ba. Ni kaɗai nis saura da wanga labari, yanzu ga shi jikana ya rubuta.

Kada ka yi gaugawar taka ƙahwa. Na ga wanda yay yi, har yau shina ɗingishi.

Ɗalibin Dundaye:

Sannu Yaya, Allah ya ba da lafiya. Ina karanta tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, bari in sa baki kaɗan.

Kan Born on a Tuesday ban yarda da kai duka ba. Ɗantala baƙo ne, almajirin da ya sauka a tasha. Sakkwaton da ya sani ita ce masallaci da tasha da inda zai samu abinci. Kai ɗan gari ne mai dangi da shago da limamin da ke zuwa duba ka har gida. In da marubucin ya sa yaron yana zagaya Kanwuri yana lissafa ƙofofin gari, da ƙarya ya yi. Wataƙila abin da ya dame ka shi ne akwai masu kwana a garin nan shekara da shekaru ba su ga garin da kake nufi ba. Inda na bi ka shi ne harshe. Da Turanci aka rubuta, Sakkwatanci ba shi da ta inda zai fito.

Ga abin da zan ƙara maka. Clapperton, Baturen Birtaniya, ya zo nan a 1824 zamanin Bello, ya sake dawowa, a nan ma ya mutu a 1827. Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u, shi ya riƙa kula da shi. A littafin tafiyarsa ya kwatanta ganuwa da ƙofofi da kasuwa da abin da ake sayarwa. Kallon baƙo ne mai raini a wasu wuraren, sai ka tace, amma ƙananan abubuwan da malamanmu ba su ga dalilin rubutawa ba don kowa ya san su a lokacin, shi ya rubuta. Sai The Sokoto Caliphate na Murray Last, 1967, wanda ya yi aikinsa da takardun gidan Waziri Junaidu. Shi ma na manya ne, ofishin waziri ya fi bi, amma zai warware maka yadda aka riƙa tafiyar da mulkin da wasiƙu tsakanin Sakkwato da sauran masarautu. An fassara shi da Hausa.

Tunda wurin Malam Abdullahi ya kama ka, akwai irinsa a ƙarshen daular. Bayan Giginya, Waziri Buhari bai bi Attahiru ba, ya komo ya zauna da Turawa, abin kuma ya dame shi har ya rubuta wa malamai risala yana bayyana dalilinsa. Ka roƙi limaminku ko zai samo.

In ka warke ka leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Baba na Gidan Igwai kuma, don Allah in an yarda ina so in zo da rikoda.

Telan Tsohuwar Kasuwa:

Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci za a kula ni haka ba.

Malama, na karɓi jan kunne. Na karanta wa maiɗakina amsarki, tun ɗazu take dariya tana cewa Allah ya kawo mai rama mata. Ashe ma tana da littafin Balarabar, yana gidan ƙanwarta a Arkilla, an aika yaro. Za ta zo karɓar na Nana Asma'u ranar Asabar in Allah ya kai mu, ta ce ita za ta fara karantawa kafin ni, in ya so ta riƙa ba ni labari tunda na raina nata.

Ƙanena na jami'a, maganarka ta tsaya mini. Akwai almajirai biyu da ke share mini shago suna tsintar ƙyalle, shekara uku ke nan, ɗaya daga wajen Illela yake, ɗayan ko garinsu ban taɓa tambaya ba. Duk da haka ina nan kan bakata kaɗan. Ko baƙo ne ai yana jin zafin Afrilu, yana kuma jin yadda mai shayi ke magana. Clapperton ɗin in kana da shi kawo, amma ka haɗo da haƙuri, Turancin mutanen da ba na jin ƙamus ɗina zai ɗauka.

Baba na Gidan Igwai, Allah ya ƙara girma. Na sa an kunna mini Ɗan Anace jiya da dare, Inna na daga tsakar gida tana amshi, ban taɓa sanin ta haddace ba. Da na karanta mata labarin akuyar kakanka sai ta jawo kujera ta ce ai tata kakar a Wurno aka haife ta, ta fara wani labari na shekarar yunwa da yadda aka riƙa tonon gidan tururuwa ana neman hatsi. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa jin sa ba. Na rasa takarda, sai na jawo littafin awon shago, bayan shafin da na rubuta wuya da hannu da tsawon rigar wani, na fara rubutawa. Mun cika shafi huɗu kafin ta ce barci take ji. Ta hana ni gyara mata magana ita ma, in na rubuta "suka" sai ta ce "sunka" ta ce.

Mai ɗori zai zo ranar Alhamis ya kwance ya duba. Wanda ya san hukumar tarihin nan, akwai matakala a ƙofar shiga, ko mai sanda zai iya?